Ƙotar Itace Ko Ta Roba: Wacce Ta Fi Riƙe Saitin Bindigar Farauta?

Ka taɓa lura da ƙofar katako a watan Agusta? Sai ka sa kafaɗa kafin ta rufu. Amma da hunturu ya kankama, ƙofar nan dai za ka ga har haske na shigowa ta gefenta. Haka manomi a Dogon Daji ko Kebbe ya san cewa gatarin da ya ajiye da kaka, zuwa bazara ruwansa na iya yin girgiɗi a ƙota, sai an jiƙa shi. To abin da ke faruwa da ƙofa da gatari, shi ke faruwa da ƙotar bindiga. Bambancin shi ne, a bindiga motsin da ido ba ya gani ma ya isa ya kai harsashi inda ba a nufa ba.

Wannan ne tushen gardamar da mafarautan duniya suka daɗe suna yi: ƙotar itace ko ta roba? Gardamar ta fi zafi kan bindiga mai sakata, wato wadda bayan kowane harbi maharbi ke ɗaga sakatar, ya ja ta baya kwanso ya fita, ya tura ta gaba sabon harsashi ya shiga. Mauser ta Jamus ta 1898 da Remington 700 ta Amurka da ta fito a 1962 su ne fitattu a wannan gida.

Itace ba ya daina shan ruwa

Ko bayan an sare bishiya an busar da ita, itacen na ci gaba da musayar ruwa da iskar da ke kewaye da shi. Iska ta yi danshi, ya sha ya kumbura. Ta bushe, ya amayar ya motse. Idan danshin iska yana kusan kashi 20 cikin 100, ruwan da ke jikin busasshen itace kan tsaya wajen kashi 4 zuwa 5 na nauyinsa. Idan danshin ya kai kashi 75 zuwa 80, ruwan kan hau zuwa kashi 14 ko 16.

Yanzu ɗora wannan kan yanayin kudancin Sakkwato. Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina kuma ya haura 70. Ke nan itacen da ke Tambuwal yana hawa da sauka tsakanin waɗannan iyakoki biyu duk shekara, abin da itacen da ke Ingila bai cika fuskanta ba.

Kuma kumburin ba daidai yake ta ko'ina ba. Ta tsawo, itace kusan ba ya motsi. Ta faɗi ne yake yi, kuma ko a nan, motsin da ke bin zoben shekarun bishiya ya kusan ninka wanda ke ratsa zoben. Shi ya sa ba kumbura kawai yake ba, har tanƙwarewa da murɗewa yake yi. Ƙota mai faɗin santimita 4 na iya canzawa da kusan milimita 1 tsakanin rani da damina.

Ta yaya wannan ke taɓa harsashi?

Idan aka danna kunama, harsashi na barin bututu cikin kusan kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. A ɗan wannan lokaci bututun na karkarwa kamar tsirkiya. Karkarwar ba laifi ba ce muddin kullum iri ɗaya take, domin a kanta aka daidaita saiti. Matsala na zuwa ne idan gaban ƙota ya tanƙwara ya tokare bututun ta gefe, ko kuma kusoshin da suka ɗaure ƙarfe da itace suka saki saboda itacen ya motse.

Mu ɗan yi lissafi. A ce tsawon bututu santimita 60 ne, itace ya ture bakinsa da kaurin fallen takarda uku, wato kashi 3 cikin 10 na milimita. A nisan mita 100, harsashi zai kauce da kimanin santimita 5. A mita 200, santimita 10. Abin ya fi muni idan madubin saiti ake amfani da shi, don shi a bayan bindiga yake zaune, bai san bututu ya karkata ba. Ka ga maharbi ya auna daidai, hannunsa bai yi rawa ba, amma gada ta tsere da rauni ta je ta mutu a wahale. A farautar taron dangi kuwa, inda mutane da karnuka suka bazu cikin daji, harsashin da ya kauce ba dabba kaɗai yake barazana gare ta ba.

Darasin Biyetnam

Sojojin ruwan Amurka sun ɗanɗana wannan. A 1966 suka fara amfani da bindigar M40, wadda aka gina kan Remington 700 da ƙotar itace. Damina da zafin Biyetnam suka riƙa kumbura ƙotocin, saiti na ɓaci. A shekarun 1970 sai aka sake mata fasali zuwa M40A1, da ƙotar faiba ta kamfanin McMillan. Faiba zaren gilas ne da aka haɗe da gam mai ƙarfi. Ba ta shan ruwan a zo a gani, don haka inda aka bar ta nan za a same ta.

Sai dai fa kada kalmar roba ta ruɗe ka, domin suna ne kawai ya tara su. Akwai ƙotar faiba ko ta zaren kabon mai tsada da tauri. Akwai kuma ta robar da ake narkawa a zuba a mazubi, dangin ta kujerun biki. Irin wannan ba ta jin ruwa, amma tana lanƙwasa. Ka jingina gabanta da reshe, sai ta matso ta taɓa bututu. Zafi kuma na ƙara mata laushi, ga shi a Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, baƙar roba a rana kuwa ta fi haka nesa. Akwai ta uku a tsakiya: siraran fallayen itace da aka manne da gam, wadda ke da nauyi amma ba ta cika murɗewa ba.

To wacce ta fi?

Idan a rana ɗaya za a gwada, ƙotar itace mai kyau da faiba mai kyau ba su da wani bambanci, domin ingancin bututu da harsashi da hannun maharbi su ke yanke hukunci. Fifikon faiba yana fitowa ne idan watanni suka juya: wanda ya daidaita saitinsa a Janairu zai iya samunsa yadda yake a Agusta. Masu ƙera bindiga na zamani kan rage wa itace wannan rauni ta hanyar barin ɗan fili tsakanin bututu da ƙota, yadda takardar naira za ta zame tsakaninsu ba tare da ta maƙale ba.

Ina labarin bindigar baushe?

Yawancin mafarautan Dogon Daji da ƙauyukan Kebbe ba mai sakata suke riƙe ba. Bindigar toka ce ko baushe, mai ƙotar da masassaƙi ya fafe. Sunan baushe ma ai na itace ne. Cikin bututun irin wannan sumul yake, babu murɗaɗɗen zanen da ke sa harsashi juyawa kamar katantanwa, don haka tun asali ba ta nisa ba ce. A 'yan takun da ake harbi da ita, motsin milimita ɗaya ba shi ne zai kuɓutar da zomo ba.

A nan damuwar ta lafiyar maharbi ce. Ƙotar da aka sassaƙa da ɗanyen itace za ta tsage da hunturu, kuma tsagar kan bi wuyan ƙota, daidai inda hannu ke kamawa kuma inda bugun bindiga ke sauka. Don haka a duba tsaga da girgiɗi kafin a fita, kada a jingina ta kusa da wuta ko a bar ta a rana, kada kuma a yi mata dabarar gatari ta jiƙawa a ruwa, don tsatsa za ta ci ƙarfen. Mai ko fenti na rage saurin shan danshi amma ba ya hanawa, musamman idan an shafe waje an manta da cikin da ƙarfe ke kwance.

A tuna kuma, a ƙarƙashin Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959, ko bindigar toka sai da lasisi. Wanda yake da izinin riƙe mai sakata kuwa, ko ta itace ce ko ta roba, ya sake gwada saitinsa a wuri mai aminci duk lokacin da yanayi ya juya, kafin ya auna wani abu mai rai.