Sabon Ɗalibi a Notre Dame: Wa Zai Lura Idan Bai Fito Ba?

Makonni kaɗan kafin a buɗe makaranta a watan Agusta, matasa kimanin dubu biyu da suka sami gurbi a Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiyana a Amurka kan sami saƙo ɗauke da sunaye biyu: gidan da za su zauna, da wanda za su kwana ɗaki ɗaya da shi. Babu wanda ya zaɓi nasa. Ko da kai da amininka na ƙuruciya kuka sami gurbi tare, ba hurumin ku nemi a haɗa ku. Ɗan attajirin Shikago na iya buɗe ƙofa ya tarar da ɗan manomi ko wani baƙo daga Afirka yana shimfiɗa zanen gado. Jami'o'in Amurka da yawa sun bar wa yara wannan zaɓi, su je su tsinto juna a intanet. Notre Dame ta ƙi, kuma daga wannan ƙin ne ake fara gane yadda take kallon sabon ɗalibi.

Matsalar da ake son magancewa tsohuwa ce. A Amurka, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka fara karatun gaba da sakandare ba sa komawa aji a shekara ta biyu. Kuɗi na korar wasu, faɗuwa jarrabawa na korar wasu. Amma tun a 1975 masanin zamantakewa Vincent Tinto ya kawo hujjar cewa da yawa na tafiya ne saboda ba su taɓa jin sun zama 'yan gida ba, ko a wajen malamai ko a cikin tsara. Yaro ya ci jarrabawar shiga da kyau, ya zo ya yi mako uku yana cin abinci shi kaɗai, ya sami maki mara daɗi a gwajin farko, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa kuskure aka yi aka ɗauke shi. Ba ya gaya wa kowa. Idan ya kira gida sai ya ce komai lafiya lau.

Wani bincike da Gregory Walton da Geoffrey Cohen suka buga a mujallar Science a 2011 ya nuna ƙarfin wannan zato. Sun sa 'yan aji ɗaya karanta bayanan manyan ɗalibai da ke cewa su ma sun yi fama da kaɗaici da shakkar kansu a farko, kuma abin ya wuce. Daga nan aka ce su rubuta nasu saƙon ga masu zuwa a baya. Zama ne na kamar awa ɗaya. Bayan shekara uku, tazarar maki tsakanin baƙaƙen fata da suka yi wannan zama da takwarorinsu farare ta ragu da kusan rabi. Ɗaliban da aka yi binciken da su ba su kai ɗari ba, don haka kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Duk da haka ya nuna cewa abin da yaro ke faɗa wa kansa a watannin farko yana bin sa har ranar karɓar digiri.

Amsar da Notre Dame ta bayar ta girmi duk waɗannan bincike. Fada Edward Sorin, ɗan Faransa daga ƙungiyar limaman Katolika ta Holy Cross, ya kafa makarantar a 1842, kuma tun daga lokacin limaman da ke koyarwa suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da yaran da suke koyarwa. A yau akwai gidajen kwanan ɗalibai fiye da talatin, na maza daban na mata daban (sai a 1972 aka fara ɗaukar mata karatun digirin farko). Kowane gida yana da ɗakin ibadarsa, da ƙungiyoyin wasanninsa, da bikinsa na shekara. Kowane kuma yana da rekta, wato babban mutum, fada ko sista ko wanda ba ma'aikacin coci ba, wanda aikinsa ke nan, kuma a cikin gidan yake kwana. Ƙarƙashinsa akwai mataimaka daga masu karatun babban digiri, sai 'yan ajin ƙarshe da aka raba wa sassan gidan.

A ganina wannan rekta shi ne ginshiƙin tsarin, sauran duk tallafi ne. Ofishin ba da shawara, komai kyansa, sai ɗalibi ya tashi da ƙafarsa ya je, kuma wanda ya fi buƙatar zuwa shi ne ya fi jin kunyar zuwa. Rekta kuwa yana wucewa a baranda. Ya san wanda ya daina fitowa cin abinci, da wanda mahaifinsa ke kwance a asibiti, da wanda ya fara dawowa a buge. Shi ke hukunci idan an karya doka, shi kuma ake buga wa ƙofa da tsakar dare. Haɗa waɗannan biyu a hannun mutum ɗaya yana da haɗari, domin yaro na iya ɓoye damuwarsa ga wanda zai iya kai ƙararsa. Amma raba su ma yana da nasa: sai a sami mai doka da bai san yaron ba, da mai lallashi da ba ya ganinsa sai an yi alƙawari.

Wani abin da ya taimaka shi ne, tun shekarun 1960 aka daina ware 'yan aji ɗaya a gidajensu su kaɗai. Yanzu sabo yana maƙwabtaka da ɗan aji uku, kuma yawanci a gidan da ya fara zai ci gaba da zama. Babu ƙungiyoyin ɗalibai irin na sauran jami'o'in Amurka, waɗanda sai an tace mutum kafin a karɓe shi. Gida ya riga ya karɓe ka tun kafin ka iso. Bayanin da Walton da Cohen suka shirya a takarda, a nan yaro kan ji shi daga bakin wanda ke ɗakin da ke kallon nasa.

Ta fuskar karatu, a 1962, zamanin shugabancin Fada Theodore Hesburgh, jami'ar ta buɗe sashe na musamman don 'yan aji ɗaya, mai shugabansa da masu ba da shawararsa, domin kada yaro ya ɗaure kansa da wani fanni kafin ya san abin da zai iya. Tsofaffin ɗalibai har yau suna tuna Emil Hofman, malamin kimiyyar sinadarai da ya shugabanci sashen daga 1971 zuwa 1990, saboda gwajinsa mai tambaya bakwai duk ranar Juma'a. Ana tsoronsa, amma ba wanda zai kai ƙarshen zango bai san matsayinsa ba. A 2015 aka soke darasin motsa jiki da gwajin iyo da ake tilasta wa sababbi, aka kawo darasin Moreau, mai sunan Basil Moreau da ya kafa Holy Cross, inda ƙananan rukunoni ke zama duk mako suna tattauna lafiya da dabarun karatu da zama da jama'a. Ɗalibai sun yi ta ƙorafin cewa cika fom ne kawai, daga baya kuma aka sake masa fasali. Ban yi mamaki ba. Abota ba ta faye ƙulluwa don an ce za a ba ta maki ba.

To, wanda ba Katolika ba fa? Kimanin takwas cikin goma na ɗaliban Katolika ne, kuma addini a fili yake. A kwanakin tarba ana yin addu'ar Mas, ana kuma kai sababbi gaba ɗaya kogon addu'a da aka gina a 1896 bisa fasalin na garin Lourdes da ke Faransa. Ba a tilasta wa kowa shiga ibada. Darasin tauhidin Kirista kuwa dole ne ga kowa. Kundin Ex Corde Ecclesiae da Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1990 ya ɗora wa jami'ar Katolika nauyi biyu: ta riƙe addininta, ta kuma mutunta 'yancin imanin kowa. Jami'o'in Katolika na Najeriya, irin su Veritas da ke Bwari a Abuja, suna ƙarƙashin kundin nan. A aikace, wahalar ba a doka take ba. Idan daren Lahadi duk gidan ya sauka ɗakin ibada, bayan an tashi kuma aka zauna hira da ciye-ciye, Musulmi ko ɗan wata ɗarika da ya tsaya a ɗaki ya rasa hirar, ba addu'ar kaɗai ba. Jami'ar Georgetown, ta limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit a Washington, ta ɗauki limamin Musulmi na cikakken lokaci, Yahya Hendi, tun 1999. A Notre Dame, wasu likitoci Musulmi mata da miji, Rafat da Zoreen Ansari, sun ba da dala miliyan 15 a 2017 don kafa cibiyar nazarin addinai. Waɗannan matakai ne na gaske, amma a cikin gida sai rekta ya tuna da wanda ke azumi yayin da sauran ke cin abincin rana.

Fiye da 95 cikin 100 na sababbin Notre Dame suna dawowa shekara ta biyu. Kada a ba gidajen kwana duk ladar. Jami'ar tana tace waɗanda take ɗauka sosai, kuɗinta a shekara ya haura dala dubu 80 kafin tallafi, kuma tana cikin mafiya dukiya a ƙasar. Yaran da suka iso da irin wannan shiri da wuya su fice ko'ina suka je. Ɗalibai ma ba duka ke murna ba. Dokar da ta hana maza da mata zama a ɗakunan juna bayan sha biyun dare a ranakun karatu ta sha jawo zanga-zanga, haka ma sharaɗin da aka kafa daga 2018 cewa sai an yi zango shida a gidajen jami'a.

Babbar barazanar kuwa ta mutane ce. An gina tsarin ne a kan limamai da sistoci marasa iyali, waɗanda za su iya shafe shekara ashirin a gida ɗaya ba tare da neman albashi mai tsoka ba. A 1965 Amurka na da limaman Katolika kusan dubu 59 da sistoci kusan dubu 180. Yanzu limaman ba su kai dubu 40 ba, sistocin ma haka. Rektoci da yawa a yau matasa ne da ba ma'aikatan coci ba, masu son yin aure da neman ci gaba a aiki, kuma ba kowa ne zai jure a tashe shi ƙarfe uku na dare shekara da shekaru ba. Idan rekta ya yi shekara uku ya tafi, wanda ya gaje shi sai ya fara koyon sunayen mutum ɗari biyu daga farko, a daidai lokacin da sababbin ke shigowa da akwatunansu.