Barasa da juna biyu: Abin da bincike ya gano da tambayar da ake buƙata a ɗakin awo a Lafiya

A duk ranar awo, tun kafin rana ta ɗaga, mata masu juna biyu kan cika bencunan asibitocin garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, daga asibitin da jama'a suka sani da sunan Dalhatu Araf zuwa ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwanni. Wasu 'yan cikin gari ne, wasu sun taso daga ƙauyukan Doma da Obi da Keana. Akan auna nauyinsu da hawan jini, a ɗebi jini, a ba su ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Akwai wata tambaya da Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2014, ta ce a riƙa yi wa kowace mai ciki tun zuwanta na farko, a kuma maimaita a duk zuwa: ko tana shan wani abu mai barasa? Tambayar tana da nauyi a bakin mai yin ta da kunnen wadda ake yi wa, domin kunya da addini da mutuncin gida duk sun rataya a kanta.

Ga shi kuma barasa ba ta da kama ɗaya a wannan yanki. Akwai burkutun da ake dafawa da dawa, akwai bammi da ogogoro, akwai ta leda da ake saya da 'yan canji a bakin tasha. Akwai kuma jiƙon saiwoyi da ɓawon itatuwa da wasu masu magani ke tsumawa cikin barasa. Mace na iya cewa ba ta taɓa shan giya ba, kuma a saninta gaskiya ta faɗa, alhali tsimin da take sha don ciwon baya ko tashin zuciya yana ɗauke da ita.

Yadda take isa ga ɗan tayi

Barasa tana ratsa mabiyiya ba tare da wani shamaki ba. Cikin ɗan lokaci kaɗan adadinta a jinin ɗan tayi kan kusanci na jinin uwa, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta narkar da ita ba. A 1981, Kathleen Sulik, wata mai bincike a Amurka, ta nuna a jikin ɓeraye cewa barasa tana ɓata siffar fuska a matakin da ya yi daidai da mako na uku na cikin ɗan Adam, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ciki ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa har zuwa haihuwa, don haka babu watan da za a ce an tsira, kuma bincike bai gano wani adadi da za a ce ba shi da illa ba.

Likitan yara Paul Lemoine na birnin Nantes a Faransa ne ya fara bayyana lamarin dalla-dalla a 1968, bayan ya duba yara 127 da aka haifa a gidajen mashaya. A 1973 Kenneth Jones da David Smith na Jami'ar Washington da ke Seattle suka wallafa nasu binciken a mujallar Lancet, suka raɗa wa cutar suna. A yau likitoci suna kiran dukkan matakan illar, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, da taƙaitaccen suna FASD.

Alƙaluman da Svetlana Popova da abokan aikinta a Kanada suka fitar a 2017 sun ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 10 a duniya tana shan barasa da ciki, kuma ana haihuwar yara kimanin 119,000 duk shekara da nau'in cutar mafi tsanani. Idan aka haɗa dukkan matakan, kusan yara 8 cikin 1,000 ne abin ya shafa a duniya. A Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowace ƙasa, adadin ya kai 111 cikin 1,000.

Gano cutar

Abubuwa huɗu likita ke dubawa: girman jikin yaro, siffar fuskarsa, aikin ƙwaƙwalwarsa, da tarihin cikin da aka haife shi. A fuska alamomi uku ne: gajerun tsagar idanu, siririn leɓen sama, da shafewar ɗan kwarin da ke tsakanin hanci da leɓe. Susan Astley ta Jami'ar Washington ta tsara jerin hotuna masu mataki biyar da ake gwada leɓen yaro da su, ta kuma ware na baƙar fata daban, domin ma'aunin da aka ɗauka daga fuskar Bature kan yaudari likita a fuskar Ba'afirke. Kayan aikin ba su wuce ƙaramar rula da awon kewayen kai da waɗannan hotuna ba.

Sai dai mafi yawan yaran da abin ya shafa ba su da wata alama a fuska. Nasu yana fitowa ne a aji: mantuwa, rashin natsuwa, wahalar lissafi, da kasa haɗa laifi da sakamakonsa. Irin wannan yaro ne ake kira daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi, a yi ta dukansa, wani lokaci a ce iska ce ta taɓa shi. Saboda su ne masu bincike suka koma neman shaida a cikin jiki. Akwai gwajin jini na wani sinadari mai suna PEth, wanda ke nuna shan barasa na makonnin baya, da gwajin baƙin kashin farko na jariri. Ana kuma gwada na'urar ɗaukar hoton fuska ta kowane ɓangare, wadda kwamfuta ke tantancewa don gano bambancin da ido ba ya gani.

Magani da tallafi

Babu maganin da ke mayar da ƙwaƙwalwar da ta taɓu yadda take, amma akwai abin da ke rage illar. Sinadarin kolin, wanda ake samu a ƙwai da nama da kifi da waken suya, shi ya fi jan hankalin masana. A wani gwaji da Sandra Jacobson da Joseph Jacobson suka yi a Cape Town, aka wallafa a 2018, an ba mata masu ciki da ke shan barasa sosai giram 2 na kolin kullum. Jariransu sun fi na sauran saurin girma bayan haihuwa, sun kuma fi su gane abin da suka taɓa gani a wata na 12. A Jami'ar Minnesota, Jeffrey Wozniak ya gwada kolin a kan yara 'yan shekara 2 zuwa 5, ya kuma ga ci gaba a wasu fannonin basira shekara huɗu bayan gwajin. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma babu ɗaya cikinsu da ya nuna cewa kolin lasisin sha ne.

Binciken Ann Streissguth na 2004 a kan mutum 415 ya fi kusa da abin da iyaye da malamai a Lafiya za su iya yi. Ta gano cewa gano cutar da wuri da tashi a gida mai kwanciyar hankali suna ninka damar kauce wa barin makaranta da faɗawa hannun hukuma sau biyu zuwa huɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, tsarin yini da ba ya sauyawa, maimaita darasi ba tare da bulala ba.

Abin da ke hannun Abuja

Tazarar Lafiya da Abuja tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma galibin shawarwarin da za su sauya ɗakin awo a tebur ɗin ma'aikatun tarayya suke. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta barasar leda da ta ƙananan robobi a watan Fabrairun 2024, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da masu masana'antu a 2018, matakin da ya jawo ja-in-ja mai tsawo. Muhawarar ta fi karkata ga yara da matasa da guraben aiki, amma mai ciki ma tana cikin masu sayen abin da ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɓoyewa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke kaiwa ga cibiyoyin da mata ke zuwa awo. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaran da abin ya shafa madogara wajen neman ilimin da ya dace da su. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, tana da gurbin auna fuskokin yaran yankin don samar da ma'auni na gida.

Matakin da ya fi araha shi ne tambayoyi uku na ma'aunin AUDIT-C: sau nawa ake sha, nawa ake sha a rana, sau nawa ake sha da yawa a zama ɗaya. Aikin da ke gaban masu tsara manufofi shi ne a mayar da su cikin Hausa da Eggon da Alago da Tibi, a ambaci burkutu da bammi da jiƙo da sunayensu, a ƙirga da ƙwarya da leda maimakon kofin Turawa. Sannan a horar da ungozoma ta yi tambayar a keɓe, ga kowace mace ba tare da duba addini ko ƙabila ba, cikin muryar da ba za ta hana ta dawowa awo na gaba ba.