Jini a Fitsarin Yaro Ba Alamar Balaga Ba Ce

Maigida, in ɗanka matashi yana sauka kogin Kaduna wanka daga nan Kudenda, tambaye shi yau: yana ganin jini a ƙarshen fitsari? Kunya ba za ta bar shi ya faɗa da kansa ba.

Wasu cewa suke girma ne ya zo. A'a, tsargiya ce. Tsutsarta daga katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fata, ta yi ƙwai a jijiyoyin mafitsara. In ta daɗe, har ƙoda takan taɓa.

Kai shi asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri a gwada fitsarin. Praziquantel ake bayarwa gwargwadon nauyinsa, kar ka tsaya jiƙe-jiƙe.

Ta fitsari ƙwan ke komawa ruwa. Dama Annabi (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, a tuna wa yara.