Soja Sun Tafi, Cuta Ba Ta Tafi Ba

A shekarun nan, duk inda muka zauna da manoma, hirar Nijar ce kan fara fitowa. Ran 26 ga Yuli 1923 ba mu san ta ba, amma ran 26 ga Yuli 2023 kowa ya san ta, gama ran nan ne soja suka hamɓare Shugaba Bazoum. Sojan Faransa suka gama kwashe kayansu a Disamba 2023, na Amurka kuma suka bar Agadas a 2024. Sa'ad da aka rufe iyaka, masu kai hatsi da dabbobi kasuwannin Illela da Jibiya da Maigatari sun ji a jikinsu.

Wannan magana ce ta manya, ba mu da hannu a cikinta sai addu'a. Amma akwai wata maganar mulki da ta fi kusa da ƙofar gidanmu, ba a kuwa yawan taɗinta. Ita ce dokar lafiya.

A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci da jiyyar talakawa. Ta kuma hana asibiti ya kori wanda aka kawo rai a hannun Allah. Amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a wata doka wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma yi tanadi domin mata masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta.

To, ina wahalar ta ke? Ma'aikaci ana cire nasa daga albashi. Manomi ba shi da albashi, kuɗinsa da kaka su ke zuwa, zazzaɓi kuwa da damina ya kan kwantar da yara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Nan ne mutum kan sayar da akuya, ko ya ci bashin buhu a kan biyu.

Saboda haka muna ba kowace ƙungiya shawara uku. Ta aiki mutum biyu, mace da namiji, su tambayi malamin asibitin mazaɓarsu yadda a ke rubuta sunayen masu ciki da yara. Ta nemi ofishin hukumar jiha, kamar KADCHMA a Kaduna ko PLASCHEMA a Filato, ta ji abin da a ke biya a shekara. Sa'an nan da kaka kowa ya zuba 'yan mudu a rumbun ƙungiya domin biyan wannan.

Mu tuna Basamariyen nan bai tsaya ga jin tausayi ba, kuɗi ya bari a hannun mai masauki. Ubangiji ya ba mu irin zuciyarsa.