Sinadarin kotizol da safe: abin da agogon hannu ba ya aunawa

Bidiyoyin TikTok sun ɓata wa kotizol suna. Ana kiransa sinadarin damuwa, ana ɗora masa laifin ƙiba da kumburin fuska, daga nan sai a tallata maganin da zai rage shi. Amma hauhawarsa da safe ba ciwo ba ne, aikin jiki ne na yau da kullum.

Wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda ne ke samar da shi, bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Yakan yi ƙasa sosai wajen tsakar dare, ya fara hawa tun kafin asuba, sannan ya kai ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan mutum ya farka. Aikinsa a lokacin shi ne ƙara sukari a jini da daidaita hawan jini, domin jikin da ya kwana bai ci komai ba ya samu ƙarfin tashi. Tun 1997 masana suka bayyana wannan hawan ta hanyar gwajin yawu.

Sai dai akwai muhawara. A 2025 masu bincike a Jami'ar Bristol da ke Ingila sun bibiyi mutum sama da 200 a gidajensu, suka gano cewa saurin hawan bai ƙaru ba bayan farkawa. Ke nan agogon cikin jiki ne ke jan ragamar, ba buɗe ido ba.

To ina batun lambar damuwa da agogon Garmin ko Galaxy Watch ke nunawa? Ba kotizol suke aunawa ba. Koren hasken da ke bayan agogon yana bibiyar bugun zuciya ne, manhaja kuma ta lissafa bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ta fitar da kiyasi. Kofi, zazzaɓi ko ƙarancin barci duk suna iya ɗaga lambar. Ainihin kotizol sai a ɗakin gwaji, da jini, yawu ko fitsari.

Inda waya ke da hannu shi ne dare. Wanda ke raba dare yana latsa ta, yau ya kwanta ƙarfe 11, gobe ƙarfe 3, yana rikita agogon jikinsa, sai ƙararrawa ta tashe shi alhali jikin bai gama shiri ba. Hasken rana da sassafe da tsayayyen lokacin tashi su ne ke mayar da agogon kan saiti.