Shafen farar ƙasa: bushewa daban, ƙwari daban

Da damina ta ja baya, magina a Dogo, cikin jihar Damagaram, sukan dukufa ga gyaran bangaye da soraye. Maigida da yawa yakan ga shafensa ya bushe cikin kwana biyu, ya ɗauka aiki ya kammala. Ruwan farko na faɗuwa, sai shafen ya zube. Dalili shi ne farar ƙasa ba da bushewa take samun ƙwari ba, da iska take samunsa.

Asalinta dutse ne, irin wanda ake haƙa a Malbaza domin yin siminti. Idan aka gasa shi da wuta mai zafin digiri 900, wata iska mai suna karbon dayoksaid takan fita daga cikinsa. Kilo 100 na dutse tsantsa yakan koma kilo 56. A jiƙa shi da ruwa, a cuɗa da rairayi, a shafa ga bango. Daga nan shafen zai riƙa zuƙo wannan iska daga sarari, sannu a hankali, har ya sake zama dutse.

Aikin na da jinkiri, domin kashi 4 kawai cikin 10,000 na iskar da ake shaƙa ne karbon dayoksaid. Fatar shafen ke fara taurara, cikinsa ya biyo baya cikin watanni. A gini mai kauri, abin yakan kai shekaru. Kuma dole sai da laima: shafen da ya jiƙe sharkaf ba ya barin iska ta shiga, wanda hunturu ya busar da wuri kuwa aikinsa tsayawa yake yi, ya koma gari.

Maginan Hausa sun daɗe da irin wannan sani. Suna gasa katsi, wato laka mai toka ta gindin rijiyar marina, su haɗa shi da gashin jima da dafara, su sami laso wanda ruwa ba ya ci da sauƙi.

Saboda haka mai son shafe ya daɗe, sai ya yi shi siriri, hawa biyu ko uku, ya jira na farko ya kama kafin na biyu. Ya kare bangon da zana daga rana da iska, ya riƙa yayyafa ruwa safe da yamma na kwanaki da dama. Kuɗin ruwan nan bai kai kuɗin sabon shafe ba.