Yadda Masu Haƙar Kwal Suka Ilmantar da Kansu

Ya kai mai karatu, ka sani ƙungiyar ma'aikata ba don neman ƙarin albashi kaɗai a ke kafa ta ba. Wani babban aikinta shi ne koya wa 'ya'yanta ilmi. Ga misali daga Wales, wata ƙasa mai duwatsu a yamma da Ingila.

A da, mutanen kudancin ƙasan nan, da yawansu haƙar kwal ce sana'arsu. Yaro ya kan bar makaranta tun yana ƙarami, ya bi ubansa cikin rami. Gwargwadon nauyin kwal da mutum ya haƙa a ke biyansa, tun daga 1875 kuwa aka ɗaura ladan aiki a kan kuɗin kwal a kasuwa: in ya hau, lada ta hau, in ya faɗi, ta faɗi. To, ka gani, wanda bai iya lissafi ba, yaya zai san ko an cuce shi? In an zauna shawara da masu rami, wa zai tsaya masa?

Saboda haka suka yarda a riƙa cire kwabo ko biyu daga ladan ko wane mutum. Da kaɗan-kaɗan ɗin nan suka gina zauruka, suka cika su da littattafai. A 1898 suka haɗu suka kafa babbar ƙungiya guda ta masu haƙar kwal na kudancin Wales. Ita ce, tare da ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, ta riƙa ɗaukar nauyin wata kwaleji ta ma'aikata da aka buɗe a 1909, aka mai da ita London a 1911. Can a ke koya wa samari tarihi, da sha'anin tattalin arziki, da yadda a ke magana a gaban jama'a. In sun komo gida su kan buɗe ajin dare, su koya wa 'yan'uwansu bayan an tashi daga aiki.

Cikin waɗanda aka aika a 1919 akwai wani saurayi, Aneurin Bevan, mutumin Tredegar. Yana da shekara 13 ya shiga rami, ga shi kuma da in'ina. Amma ya lazimci ɗakin littattafan garinsu, har bakinsa ya buɗe. A 1929 aka zaɓe shi Majalisar Dokoki, a 1945 ya zama Ministan Lafiya. Shi ne ya kafa tsarin nan na 1948 wanda ya sa ko wane mutum a ƙasar ya ga likita ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba. Abokin karatunsa, James Griffiths, shi ma daga rami ya fito. A 1950 aka ba shi riƙon sha'anin ƙasashen da Ingila ke mulki a lokacin, har da Nijeriya.

Kwalejin ta rufe a 1929, ramukan ma yawancinsu an rufe su daga baya. Amma a 1973 aka buɗe ɗaki a Swansea don ajiye sauran littattafan, gama mutane ba su yarda su ɓace ba.

Kai da ka fara karatu da girmanka, kada ka ce lokaci ya wuce. In kana cikin ƙungiya, ka tambayi shugabanni abin da suka shirya don ilmin 'ya'yanta. In babu, ku taru ku fara, ko da mutum goma ne da fitila guda.